Dogon Ido da Rumbun Malam Sule

Shafi na 23

Masu turo min saƙo tun hantsi wai na bar ku a rataye, na ji ku. Ni ma ina da tukunya a kan wuta, ku riƙa yi min uzuri. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, ga inda muka kwana.

Muna Matameye, cikin bazarar dubu biyu da goma, bayan daminar da ta ƙi, shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Tun da suka hau aka daina ɓoye kalmar yunwa a rediyo, masu agaji suka cika gari da fararen motoci. Wata ƙungiya ta ɗauki Cha'ibu mai hoto ya zaga ƙauyuka ya ɗauko mata halin da ake ciki, don a san inda za a fara kai hatsi. Da garinsu ya fara, Garin Shekara, can wajen Kurni. To kun san mutanenmu da hoto. Da aka ji ɗan gari ya zo da aparai, wato na'urar ɗaukar hoto, mata suka ciro zannuwan ƙasan akwati, aka wanke yara aka shafe su da mai, aka jeru gaban rumbuna ana murmushi. Hotuna suka isa biro, ofishin ƙungiyar, aka ga mutane fes, rumbuna a liƙe da laka, sai aka tsallake sunan garin. Madam Baiwa, wadda ke riƙe da jerin garuruwan, ta ce masa ranar Lahadi za ta rufe, in yana da wani hoton ya kawo.

Ana cikin haka yayansa Lawali ya sauka daga Kano, inda yake ci-rani a shagon kayan hoto, da abu biyu a jaka. Ɗaya sabuwar gangar aparai ce, wato jikin na'urar ba gilashi, dal a kwalinta, domin tsohuwar ta Cha'ibu ta fara cijewa in rana ta yi zafi. Ɗayan kuma dogon gilashin nan ne mai jawo abu daga nesa, wanda Cha'ibu ke ce wa dogon ido. Kuɗin Cha'ibu na sayen ɗaya ne kawai, ɗayan Lawali zai mayar wa mai shago. Jiya Cha'ibu ya ari dogon idon, ya laɓe jikin wani gawo a bayan garinsu, ya ɗauko wasu mata uku suna tonon gidan tururuwa ba su sani ba. To mu je.

*

Wajen sha ɗaya na safe aka kawo wuta. Cha'ibu ya yi maza ya kunna ordinater, wato kwamfutarsa, kafin masu wutar su sake shawara.

"Yaya, matso ka ga aikin kayanka."

Lawali ya jawo benci ya zauna. Kwalin sabuwar gangar na kan cinyarsa, tun da ya zo bai yarda ya ajiye shi ƙasa ba.

"Na faɗa maka dai. Dogon idon na hannu ne, ka gwada shi son ranka. Wannan kuwa, in ka yage ledar bakinsa ya zama naka. Mai shago ba ya karɓar abin da aka buɗe."

"Ka faɗa sau bakwai."

"Zan faɗa na takwas. Sojoji sun ce za a yi zaɓe, kowa zai nemi hoton kati. Da me za ka ɗauke su? Da wannan tsohuwar da sai ka yi mata fifita take tashi?"

"Hoton kati zai jira, Yaya. Lahadi ce ba za ta jira ba. In na je da ƙaramin gilashi sai na matsa kusa. In na matsa kusa sai a ce in dakata a sa kwalli. Da wannan kuwa ina can tsaye, ba wanda ya san da ni."

"Bayan Lahadi fa? Ka ci me?"

"Ka dai duba."

Hoton ya buɗe. Fili ne ja, ba ko ciyawa ɗaya. Mata uku, sun rufe kawunansu da tsummokara saboda rana. Ɗaya tana sara da hauya, ɗaya tana kwashe ƙasar, ta ukun ta ɗaga faifai tana sheƙe ɗan hatsin da tururuwa suka tara wa kansu. Har ƙwayoyin ana gani a iska. Gaskiya hoton ya yi kyau, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Lawali ya girgiza kai. "Kai, gilashin nan ba wasa. Kamar kana gabansu."

"Ka gani ko? Wannan in Madam ta gani, magana ta ƙare."

Cha'ibu ya jawo hoton ya ƙara masa girma, yana son ya nuna masa hatsin. Sai Lawali ya riƙe masa hannu.

"Tsaya. Koma ƙasa. Kan hauyar."

"Me ya samu hauyar?"

"Ƙotar. Ka ga baƙar robar da aka naɗe ta da ita?"

"Hauya nawa ce a Garin Shekara mai roba, Yaya?"

"Mai ƙulli biyu a ƙarshe guda ɗaya ce. Ni na ɗaura."

Cha'ibu ya danna na gaba, har yanzu matar tana duƙe. Ya sake dannawa. A na ukun ta miƙe tana share gumi da bayan hannu, tsumman ya zame, fuskarta ta cika gilashin ordinater.

Inna Maryama ce, uwarsu.

Na san wasunku za su ce ta yaya mutum zai ɗauki uwarsa bai gane ta ba. Jiya idonsa na kan faifai da hatsi, yana sauri kada a hango shi, rana kuma ta kashe masa ido. Bayan haka, ba a irin wannan wurin ɗa yake neman uwarsa ba. Kwana goma da suka wuce ya bar ta cikin atamfa mai ruwan ganye, tana ce masa su kam sai godiya.

Can Cha'ibu ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Rumbun Baba fa?"

Lawali ya sunkuyar da kai kan kwalin.

A wajenmu, in maigida zai tafi ci-rani yakan auna wa iyali abin da za su ci, sauran ya toshe bakin rumbu da laka. Shi ne iri, shi ne abincin noma, ba a taɓa shi sai ya dawo. Mace ba ta buɗe rumbun mijinta, ko leƙa shi ba ta yi. Wadda ta fasa, maganar takan kai gaban maigari, wani lokaci aure ya mutu a kai. Shi ya sa Cha'ibu ya ɗauka Inna na ƙoƙarin kaiwa ga ruwan farko ne kawai, hatsi na nan yana jira.

"Yaya, da kai nake. Da idona na ga rumbun a liƙe."

"Ni na kwaɓa lakar."

"To?"

"Ba komai a ciki."

"Ban ji ba."

"Ka ji. Dami huɗu muka cire a gonar bara. Kafin mu tafi an cinye biyu, biyun Baba ya sussuke ya ba Inna. Sai ya ce in kwaɓa laka, mu liƙe da rana tsaka, a gaban mutane, kamar kowace shekara. Ya ce zai tura kurar ruwa a Kano, kafin damina ya sayo hatsi ya zuba ba wanda ya sani."

"Ya samu?"

"Rabin Damagaram na Kano bana da kurar ruwa. Wa zai sayi na tsoho?"

"Sauran rumbunan fa? Na Kawu Abdu, na su..."

"Ka ɗauka Kawu Abdu na da abin liƙewa? Kowa ya ga maƙwabcinsa ya liƙe, shi ma ya nemi laka."

Cha'ibu ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai je a ɗan shagon nan, ya koma ya zauna.

"Rumbunan nan na ɗauka na kai biro. Da hannuna. Su aka gani aka ce garinmu na da ajiya."

"Ina Kano, ban san za ka kai ba."

"Kwananka uku a gidana. Na ba ka labarin tun daren da ka zo, kana ji kana shan shayi."

"Na yi wa Baba rantsuwa, Cha'ibu."

"Sannu da riƙon alkawari."

Lawali ya haɗiye wannan. Ya nuna ordinater da haɓa, ya kasa kallonta.

"Goge shi."

"Shi ne hoton da zai sa a kai wa garin hatsi."

"Shi ne hoton da za a manna a bango a Damagaram, a manna a Yamai, a kai ƙasar Turawa. Inna da gidan tururuwa. Goge shi, na ce."

"Ɗazu da ba ka san ita ba ce, cewa ka yi gilashin ba wasa."

"Ɗazu daban."

"Sauran biyun ba su da 'ya'ya ne?"

Maganar ta fito daga bakin Cha'ibu, amma shi ta fara duka. Jiya ya dawo gida yana jin kansa gwani, har ya fara tunanin ƙauyuka nawa zai bi da dogon idon nan yana laɓewa jikin itatuwa. Bai taɓa kawowa a ransa cewa kowace ya hango daga nesa akwai wanda zai gane ƙotar hauyarta ba. Kunya ta kama shi sosai, irin wadda ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi.

Ya fitar da hoton a takarda, ya sa a aljihu.

"Ba ni ba ne zan goge, ba kai ba ne za ka hana a kai shi. Tashi mu je wurin mai shi."

*

A moto, wato babur, suka tafi, Lawali a baya da jakar kaya. A shingen bakin gari wani soja ya zaro dogon idon yana juya shi, ya ce wannan bindiga ce ko me. Da aka ce na hoto ne ya leƙa ta ciki, ya hango mai shayi a tsallaken hanya har da ƙudan da ke kan gwangwanin madara, ya yi dariya ya sallame su. Su kam ba wanda ya yi dariya.

Kan hanya suka yi ta wuce 'yan ci-rani da kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke, kowa da ɗan ƙunshinsa yana nufar ƙauyensu, don gabas ta fara haɗa gajimare da yamma.

Lawali ya ce a kunnensa, "Baba ya ce ba zai wuce makon nan bai dawo ba."

"Allah ya kawo shi lafiya."

Bayan azahar suka isa. Inna na zaune a inuwar rumbun tana tsince wani abu a ƙwarya. Da ta ji sallamarsu ta yi maza ta rufe ƙwaryar da faifai ta tura bayanta.

"Lale, lale. Cha'ibu, kai ne da ranar nan? Kai ma ka zo?"

Wannan "kai ma" ɗin Lawali ne. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Suka durƙusa suka gaishe ta. Ta tambayi iyali, ta tambayi gari, ta ce su nan lafiya lau, sai zafi. Cha'ibu ya bari ta gama, sannan ya zaro takardar ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta kai ta nesa da ido, ta dawo da ita kusa. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya ɗauka?"

"Ni ne, Inna."

"Yaushe?"

"Jiya."

"Ina kake tsaye?"

"Jikin gawon gonar Kawu Abdu."

"Daga can?"

Lawali ya ciro dogon idon ya nuna mata. Ta kalle shi sau ɗaya ta kau da kai.

"Wato jiya ka zo har bayan gari, ba ka shigo ka gaishe ni ba."

"Inna, ban san ke..."

"Ka laɓe jikin itace kamar mai dakon zabo. Da ka san ni ce da ba ka ɗauka ba. Da yake Hawa ce da Gambo da wata tsohuwa, sai ka ɗauka."

Cha'ibu ya dai faɗa mata abin da ya kawo shi. Ya faɗa mata yadda aka kalli hotunan farko a biro, aka ga kwalliya da rumbuna a liƙe, aka tsallake Garin Shekara. Ya ce ranar Lahadi za a rufe jerin, wanda ba ya ciki sai dai ya ga motocin hatsi suna wucewa.

Inna ta ajiye hoton a cinyarta.

"Saboda kwalliyar?"

"Da rumbunan."

"Ni ce."

"Ke ce me, Inna?"

"Ni na bi gida gida. Na ce ɗana ne zai kai hoton garinmu gaban manya, kada wadda ta fito masa da tsumma, a je a ce daga gidan matsiyata ya fito. Man shafawar da ka kawo min da Sallah, shi muka shafe yaran da shi. Atamfofina uku na ba da aro." Ta yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba. "Jikan Gambo da na goya a hoton, shekaranjiya aka tafi da shi gidan likita. Ƙafafunsa sun kumbura. Ni na sa masa hula mai kyau ranar."

Lawali ya ce, "Inna, ba ki sani ba ne."

"Yanzu na sani."

Ta jingina bayanta da rumbun, ta ɗaga hannu ta ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. Ya amsa, kamar an taɓa tulun da ba ruwa.

"Shekara talatin da takwas ina zama a inuwar nan. Cikakken rumbu ba ya amsawa. Wannan tun ranar da kuka liƙe shi yake amsa min. Kaji ma sun daina kwana ƙarƙashinsa."

Lawali ya ɗago da sauri. "Kin sani?"

"Kai da ubanka kun ɗauka ku kaɗai ke da ciki? Ya rufa wa kansa asiri, na taya shi. Duk matan garin nan haka muke, kowace ta san nata, ba mai faɗa wa wata. A bakin gidan tururuwa ma cewa muke yi na kaji muke nema."

Ta ninke hoton gida huɗu ta soke shi a bakin zaninta.

"Wannan ba za ka kai ba. Ba ni kaɗai ce a ciki ba, Hawa da Gambo ba su ce ka ɗauke su ba. Abin nan mai tsawo kuma, kai, ka mayar wa mai shi. Ɗana ba zai ci abinci da leƙe ba."

"To Inna, me zan kai musu?"

"Rumbu suka gani suka hana mu. Rumbu za su gani."

Ta miƙe, ta shiga ɗaki. Da ta fito ta cire ɗankwalin kirkin da ke kanta, ta ɗaura tsumman jiya, ga hauyar nan mai baƙar roba a hannunta.

Lawali ya tare gabanta. "Inna, don Allah. Rumbun Baba ne. Kin san abin da ake yi wa matar da ta fasa. Aurenki fa."

"Na riga ka sanin auren nawa. Matsa."

"A jira shi mana, yana hanya."

"Lahadi za ta jira shi?"

Ya matsa. Ta tsaya gaban ƙaramar ƙofar rumbun da aka toshe, inda har yanzu ana ganin shatin yatsun Lawali a busasshiyar laka. Ta bayan darni kawuna sun fara ɓullowa, don a ƙauye ba a zuwa da moto a ɓoye. Hawa ce ta fara leƙowa, sai Gambo.

"Cha'ibu, zo nan gabana. In za ka ɗauke ni, ka ɗauke ni ina kallonka."

Ya cire dogon idon daga zancen gaba ɗaya, ya ɗaura ƙaramin gilashinsa na kullum a tsohuwar aparai. Ya matso har yana jin numfashinta. Ya saita, ya danna.

Shiru.

Ya sake dannawa, aparai ba ta motsa ba. Ta sha rana a hanya, ta cije kamar yadda ta saba. Ya cire hularsa yana yi mata fifita.

Inna ta ce a hankali, yadda su kaɗai za su ji, "Yi sauri, ɗan nan, kafin kunya ta dawo min."

Cha'ibu ya juya wurin yayansa ya miƙa hannu. Lawali ya dube shi, ya dubi kwalin, wannan karon bai faɗi na tara ba. Cha'ibu ya sa haƙori ya yage ledar. Batirinsu ɗaya da tsohuwar, ya zare ya mayar, ya sa kati, ya ɗaura ƙaramin gilashin. Sabuwar ta kawo haske nan take.

"Bismillah, Inna."

Ta ɗaga hauyar ta sara. Laka ta tsage, aparai ta yi ƙyas. Ta sake sarawa, wani ɓangare ya faɗa ciki, aka ji saukarsa a ƙasan rumbun ba abin da ya tare shi. A bayan darni Gambo ta toshe bakinta da zani.

Ta ɗaga na uku ke nan aka yi sallama a bakin ƙofa.

Muryar ba ta buƙatar tambaya. Malam Sule ne, ubansu, tsaye da tsohuwar rigarsa ta tafiya. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. A kafaɗarsa akwai buhu, an ƙulle shi a tsakiya, don abin da ke ciki bai kai rabi ba. Ya dubi 'ya'yansa, ya dubi matan da ke kan darni, ya dubi ramin da ke jikin rumbunsa.

Lawali ya zube ƙasa. Cha'ibu ya sauke aparai daga ido, amma yatsansa na kan maɓallin.

Inna ba ta sauke hauyar ba.

"Sannu da zuwa, Malam. Ka zo daidai. Ranar Lahadi ake rufe sunayen garuruwan da za a kai wa hatsi, an cire mu saboda lakar nan. Na fara, saura kaɗan."

Malam Sule ya sauke buhun a hankali ya jingina shi da bango. Ya tako har gabanta, bai kalli kowa ba sai ita. Ya miƙa hannu.

"Maryama, ba ni hauyar. Ni zan ƙarasa."